Yaya Ake Haɗa Kiɗa da Siyasa a Ɗakin Baje Koli?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya aiko yana cewa, don Allah a yi masa bayani, ya ji an ce akwai masu fasaha da ba sa zane, ba sa sassaƙa, sai dai su jera tarkace a ɗaki mutane su zo kallo. Wai har da wani da ya haɗa kiɗan Turawa da siyasar Larabawa. Shin gaskiya ne?

AMSA: To malam, gaskiya ne. Abin ya yi kama da jeren ɗakin amarya. Kwano ɗaya ba ya cewa komai, amma in aka jera su bango guda, duk wanda ya shiga zai karanci matsayin gidan su yarinya. Haka mai wannan fasaha yake yi. Yakan tara hotuna, faya-fayai, murya da tsofaffin takardu, ya shirya su yadda za su ba da labari.

Wanda kake nufi muna jin Michael Rakowitz ne, Ba'amurke da aka haifa a 1973. Dangin mahaifiyarsa Yahudawan Bagadaza ne da suka bar Iraƙi a 1946, don haka ya tashi yana jin Larabci a gida, yana cin abincin Iraƙi. A 2010 wata cibiyar fasaha ta Falasɗinawa a Birnin Ƙudus mai suna Al-Ma'mal ta gayyace shi, shi kuwa sai ya zo da wani aiki da ya kira The Breakup, wato rabuwar kai.

Ga yadda abin yake. Akwai wasu mawaƙa huɗu 'yan Ingila da ake kira Beatles, waɗanda suka cika duniya a shekarun 1960. A watan Janairun 1969 an ɗauki muryarsu ta sa'o'i masu yawa suna gwajin waƙa, suna kuma gardama a kan inda za su yi wasa. Har an kawo shawarar wani tsohon dandali a Libiya, ba su daidaita ba. Ƙarshenta sai suka hau rufin ofishinsu a Landan ranar 30 ga wata suka yi kiɗan, daga nan ba su ƙara fitowa tare gaban jama'a ba. A 1970 suka watse.

A wannan zamanin ne shugaban Masar Jamal Abdul Nasir yake fafutukar haɗa Larabawa su zama tsintsiya ɗaya. Masar da Siriya sun haɗe a 1958, suka rabu a 1961. Yaƙin kwana shida da Isra'ila a 1967 ya karya lagon tafiyar, Nasir kuma ya rasu a watan Satumban 1970. Dattawan da suka riƙa kama gidan rediyon Alƙahira za su tuna yadda muryarsa take da kwarjini.

Sai Rakowitz ya ɗora labaran biyu kan juna. Ya yi shiri kashi goma a gidan rediyon Amwaj na Ramalla, yana saka gardamar mawaƙan, mai sauraro kuwa yana jin kamar taron shugabanni ne, kowa na son haɗin kai amma ba mai son a fi shi. Da shirin ya ƙare, makaɗan Falasɗinawa na ƙungiyar Sabreen suka hau rufin wani bene a tsohon Birnin Ƙudus, suka rera waƙoƙin Beatles da salon kiɗan Larabawa. Daga baya aka baje aikin a Amurka, an jera faya-fayan garmaho da mujallu cikin akwatunan gilashi, shi kuma ya bi gilashin da rubutun hannu yana nuna inda labaran suka gamu.

Wani zai ce ai wasa ne a gwada rikicin mawaƙa da na ƙasashen da aka zub da jini. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma a ganinmu dabarar ta yi aiki, domin Baturen da ba zai zauna ya saurari tarihin Nasir ba, in ya ji sunan Beatles zai tsaya.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, bari mu ƙara maka wannan. A 2006 mutumin nan ya buɗe kanti a Brooklyn da sunan kamfanin kakansa, ya yi odar dabinon Iraƙi tan guda. Motar ta maƙale a kan iyakokin Jodan da Siriya tare da 'yan gudun hijira har dabinon ya lalace. Kwali goma kacal aka samu aka turo ta jirgin sama, masu zuwa kantin kuwa kullum sai sun tambayi inda kaya suka kwana.