Me Ya Kawo Keke Cikin Jarrabawar Turanci?

Wanda ke shirin rubuta IELTS, ko don aikin jinya a Birtaniya ko don digiri na biyu a Kanada, yakan shafe makonni yana haddar manyan kalmomi a kan ɗumamar yanayi da tattalin arzikin duniya. Sai malamin share fage ya zaunar da shi ya ce masa da Turanci: "Ka taɓa mallakar keke kana yaro? Wa ya koya maka hawa?" Nan take mutumin da ke rubuta shafi uku ba gargada zai yi turus, ya ce e ko a'a, ya tsaya yana kallon malam.

Tambayar ba raini ba ce, tsarin jarrabawar ne ya kawo ta. An fara IELTS a 1989, kuma British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge ne suka mallake ta tare. Ɓangaren magana yana ɗaukar minti 11 zuwa 14, tsakanin ɗalibi da mai jarrabawa, ana naɗar muryarsu. A kashi na farko, na minti 4 zuwa 5, ana tambaya ne kan rayuwar yau da kullum: gida, iyali, aiki, karatu, abin da mutum ke sha'awa. A na biyu a miƙa maka kati mai ɗauke da batu, a ba ka minti 1 ka shirya, ka yi ta magana kai kaɗai har minti 2. Na uku tattaunawa ce mai ɗan zurfi. Abu huɗu ake aunawa: gudun magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Maki mafi girma 9 ne, kuma hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya tana neman 7 a magana. Keke yana cikin batutuwan da masu koyarwa ke yawan gwada ɗalibai da su don kashi na farko, tare da abinci da barci da yanayin gari.

Dalilin turus ɗin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya gama sakandare a Najeriya ya rubuta abin da ake kira jarrabawar baka ta WAEC, amma da fensir ya yi ta: yana zaɓar kalmar da sautinta ya yi daidai da wata, daga A zuwa D, bai buɗe baki ba. Ana iya cin ta da kyau alhali ba a taɓa yin hirar minti biyu da Turanci ba. Masaniya Merrill Swain ta lura da makamancin haka a Kanada. Yaran da aka koyar da su darussa da Faransanci shekara da shekaru suna ji sarai, amma idan suka zo magana sai nahawunsu ya gaza. A 1985 ta kawo hujjar cewa saurare da karatu kaɗai ba su isa ba. Sai mai koyo ya yi ƙoƙarin faɗin abu ya kasa, sannan yake gane inda giɓinsa yake.

To me ya sa keke? Masanin Holan Willem Levelt, a littafinsa na 1989 kan yadda ɗan Adam ke magana, ya raba aikin gida uku: tsara abin da za a faɗa, nemo masa kalmomi da nahawu, sai furtawa. A harshen uwa, na biyu da na uku suna tafiya da kansu. A baƙon harshe kuwa kowanne yana cin hankali. Idan aka ce ka yi magana kan harajin ƙasa da ƙasa, kana neman ra'ayi kana neman Turancinsa a lokaci guda, dole ɗaya ya sha wuya. Labarin kekenka fa? Wannan a shirye yake tun kana ɗan shekara tara. Ka san wurin mai bayar da keken haya a bakin layi, ka san yadda ake zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar Raleigh ko Phoenix ɗin Baba saboda sirdi ya yi maka tsawo, ana tuƙi a karkace. Ka tuna yayanka yana riƙe da kariya yana gudu a bayanka yana cewa "kar ka kalli ƙasa," ka tuna lokacin da ka waiga ka ga ya saki tuntuni, da kwatar da ta karɓe ka. Kaca ta zame, hannu ya yi baƙi ƙirin, ana ta dabarar yadda za a mayar da keke ba a gane ba. Duk hankali sai ya koma kan harshe.

Kuma labarin da kansa yana janyo nahawun da ya fi wahalar da Bahaushe. A Hausa lokaci yana jikin ɗan wakilin da ke gaban aikatau: na hau, ina hawa, nakan hau, zan hau. A Turanci aikatau ne ke sauya kama, wani lokaci ba bisa ƙa'ida ba: ride ya koma rode, fall ya koma fell, teach ya koma taught. Mai ba da labarin faɗuwarsa ba shi da hanyar kauce wa waɗannan. Zai buƙaci used to don abin da ya saba yi a da ya daina, zai buƙaci was riding don abin da yake cikin yi sa'ad da akuya ta gitta. Sannan mai tambaya ya ce, yanzu fa, kana hawa? Sai a dawo yau. Yara za su ci gaba da hawa nan gaba? Sai a tsallaka gobe. Cikin tambaya huɗu an zagaya lokutan harshen.

Akwai tarko a furuci. Kalmomin keke da yawa mun aro su mun gyara su daidai bakinmu: birki, feda, faci, famfo. Wanda ya saba da su yana iya mayar da p ta zama f, ko ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu a farkon kalma. Ba a neman kowa ya yi magana irin ta mutumin Landan. Ma'aunin shi ne a fahimce ka ba wahala. Amma p da f suna bambanta ma'ana a Turanci, don haka sun cancanci atisaye na musamman.

Yadda za a yi atisayen ma an gwada shi. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya yi bincike a 1989 kan wata dabara da ake kira 4/3/2. Ka ba mutum na farko labarin cikin minti 4, na biyu cikin 3, na uku cikin 2. Labari ɗaya ne, masu sauraro daban, lokaci na raguwa. An ga saurin magana yana ƙaruwa, inda-inda tana raguwa. Abokai huɗu a majalisa da agogon waya sun isa. Sai dai a kula, maimaitawa daban, hadda daban. Masu jarrabawa an horar da su gane amsar da aka haddace, kuma ba ta jawo maki. A ganina malaman da ke raba wa ɗalibai rubutattun amsoshi suna cutar su ne da kuɗinsu.

Saura mata, waɗanda da yawansu a garuruwanmu ba su taɓa hawa ba, ko an hana su da suka fara tasawa. Wasu kan ƙirƙiro keken da ba su taɓa gani ba, tambaya ta biyu ta kama su. Babu buƙata. Ba a ba da maki don hawa. Wadda ta ce ba ta taɓa ba, ta bayyana cewa keken na yayyenta maza ne, ita goyo kawai ake yi mata zuwa Islamiyya, ta ƙara da ko za ta bar 'yarta ta koya da dalilinta, ta riga ta taɓo jiya da yau da gobe, kuma ta shiga irin muhawarar da kashi na uku ke nema.