Motar Fetur Da Motar Gas

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce. Manomanta su kan shuka auduga da masara da dawa da waken suya. In kaka ta yi, sai ka ga motoci jere a kasuwannin Dandume da Bakori, ana yi musu lodin buhuna. Waɗansu su nufi kasuwar Dawanau ta Kano, waɗansu su yi kudu har Ikko.

Motocin nan ba mai iri ɗaya su ke sha ba. Ƙanana, da babura, yawancinsu fetur su ke sha. Manya kuwa, watau tirela da gingimari da tantan ta noma, sai man dizal, wanda direbobi ke kira gas. Kada ku ɗauka shi ne gas ɗin girki. Wannan mai ne na ruwa, ya fi fetur kauri da maiƙo. To, in mutum zai sayi mota don neman abinci, wacce ta fi riba?

Bari mu fara duba yadda injinan ke aiki. Injin fetur ya kan gauraya mai da iska, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Injin gas ba shi da irin wannan fulogi. Iska kaɗai ya ke zuƙa, ya matse ta ƙwarai har ta yi zafi, kana ya fesa mata mai, sai man ya kama da kansa. Wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san famfo ya kan ɗumama a hannu. Dabarar ke nan. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago injin, ya kuwa yi aiki sosai a shekarar 1897. Daga sunansa a ka sami kalmar dizal.

Saboda wannan matsi, injin gas ba ya ɓarnar mai. Tafiyar da motar fetur za ta sha lita 4, motar gas mai girmanta ta kan yi ta da wajen lita 3. Ga shi da ƙarfin jan kaya, ga daɗewa, gama da ƙarfe mai kauri a ke ƙera shi don ya jure matsin.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Motar gas ta fi tsada wajen saye. Kayan gyaranta ma sun fi tsada, musamman famfon mai da nozul, kuma ba kowane makaniken ƙauye ya iya su ba. In a ka zuba mata gurɓataccen mai, ko mai ruwa-ruwa, sai ta kwanta. Hayaƙinta kuma, in ta tsufa, baƙi ne mai cutar ƙirji.

Sai batun kuɗin mai. Shekaru da yawa gwamnatin Nijeriya ta yi ta biyan tallafi don fetur ya yi sauƙi, alhali ta bar gas ga kasuwa. A shekarar 2022, da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren, kuɗin gas ya ninka fiye da biyu, masu manyan motoci su ka ji jiki, kuɗin dakon buhu ya hau. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur, nan da nan kuɗinsa ya kusa ninkawa uku. Kun ga ashe farashin mai ba a wuri ɗaya ya ke tsayawa ba. Don haka mai hankali ya kan sake lissafi kafin ya sayi mota.

Ga misali, ku bi shi da alli. Mu ƙaddara litar fetur naira 900 ce. Lita 4 ta kama naira 3,600. Mu ƙaddara kuma litar gas naira 1,000 ce. Lita 3 ta kama naira 3,000. Mai motar gas ya rage naira 600 ke nan a tafiya guda, ko da ya ke litarsa ta fi tsada. Amma in gas ya kai naira 1,200, sun yi kunnen doki. In ya wuce haka, fetur ya fi sauƙi.

Yanzu a ce motar gas ta ɗara ta fetur tsada da naira 600,000. Sai ta yi irin wannan tafiya sau 1,000 kafin ta mayar da kuɗin. Direban da ke yin ta sau uku kowace rana zai mayar cikin shekara guda, abin da ya biyo baya riba ce. Manomin da ke fita ran kasuwa kaɗai, sau ɗaya a mako, sai ya jira kusan shekara 20. Kafin nan motar ta tsufa.

Saboda haka amsar ta dogara ga nauyin kaya da yawan tafiya. Mai dakon masara zuwa Ikko, da mai tantan da ke huɗa gonakin mutane duk damina, gas ya fi musu. Mai 'yar a-kori-kura da ke kai buhu goma daga Kafur zuwa Malumfashi jefi-jefi, fetur ya ishe shi. Motar gas kamar raƙumi ta ke, ta fetur kamar jaki. Ba a sayen raƙumi don kai taki bayan gari, ba a kuma ƙetare hamada da jaki.

Tambayoyi

1. Me ke kunna mai a cikin injin gas?
2. Faɗi abu biyu da motar gas ta fi ta fetur, da biyu da ta kasa ta.
3. In litar fetur naira 600 ce, nawa litar gas za ta kai kafin su yi daidai?
4. Wace irin mota ta dace da mai kai hatsi Ikko? Don me?