Suna Linzami: Yadda Raɗa Wa Kyanwa Sunan Mawaƙiya Ya Jawo Mana Rigima A Jahun

A ƙarshen kakar bara, da aka gama bugun shinkafa aka jera buhuna a ɗakin ajiya na gidanmu da ke Jahun, sai ɓeraye suka tare mana a gida. Cikin mako biyu sun huda buhu huɗu, sun cinye gefen littafin lissafin ƙanenmu, sun kuma gutsure wayar caja guda biyu. Baba ya hana a sa maganin ɓera saboda akwai yara masu rarrafe da kaji a tsakar gida. Mafita ɗaya ta rage: a nemo kyanwa.

Gwaggonmu da ke aure a Harbo ce ta aiko mana da ita a cikin kwali, a bayan babur. 'Yar ƙarama ce, fara mai ɗigon baƙi a goshi, ba ta fi wata biyu ba. Mu matasan gidan mu biyar ne, da mu da muka dawo hutu daga jami'a da ƙannenmu 'yan sakandare, kuma kafin a gama zuba mata ruwa a murfin kwano har mun fara musu a kan sunan da za a sa mata. Kowa sunan gwaninsa a waƙa yake so.

Ƙuri'a a gindin darbejiya

Yayanmu namiji ya ce Breaker, saboda Hamisu Breaker. Ɗan baffanmu ya ce ai in ana maganar waƙar soyayya sai Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef. Autanmu ya dage a kan Gwanja, don a lokacin ba ya rabuwa da kwaikwayon rawar Ado Gwanja. Mu mata kuwa muka ce kyanwar mace ce, don haka sunan mawaƙiya ya dace da ita. Muka kawo Fati Nijar, 'yar asalin Maraɗi, wadda muka tashi muna jin muryarta a waƙoƙin finafinan Kannywood tun ba mu san ma'anar baitukan ba.

Aka kaɗa ƙuri'a da 'ya'yan darbejiya. Mazan kowa ya zaɓi nasa, mu biyu muka haɗa kai, muka yi nasara. Kyanwa ta zama Fati. Inna ta ji mu daga madafa ta ce, "Ku dai bi a hankali, sunan mutane ba abin wasa ba ne." Muka ɗauka faɗan iyaye ne irin na yau da kullum.

Ranar da kifi ya ɓata

Kwana goma sha biyu bayan haka, Inna ta sayo bandar tarwaɗa ta ajiye a kan faifai za ta yi miyar kuka. Tana juya baya kyanwa ta sure mafi girma ta yi bayan rumbu da shi. Ƙanwarmu ta ɗauki tsintsiya ta bi ta tana ɗaga murya: "Fati ɓarauniya! Kullum sai kin shigo kin ɗauke mana abu! Yau sai na karya ƙafarki!"

Abin da ba ta sani ba shi ne, a daidai lokacin amaryar maƙwabcinmu tana bakin ƙofa ta yi sallama, ta zo mayar da rariyar da ta ara. Takwarar mawaƙiyar ce. Watanta biyu da tarewa, daga wani gari aka kawo ta, ba ta san akwai kyanwa a gidanmu ba, balle sunanta. Ta ajiye rariyar a ƙasa ta juya ba tare da ta ce komai ba.

Bayan sallar Magariba mijinta ya yi sallama da Baba a zaure. Ba mu ji abin da suka tattauna ba, amma mun ga fuskar Baba da ya shigo. Ya tara mu ya ce, "Shekara ashirin muna zaune da mutanen nan ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Yau a kan mage yarinya tana can tana kuka, ta ce a mayar da ita gidansu tunda an ɗauke ta ɓarauniya."

Washegari Inna ta ɗauki goro da sabulu, ta sa ƙanwarmu ta rungumi kyanwar, suka shiga gidan. Sai da aka kira sunan a gabanta kyanwar ta ɗago kunne sannan amarya ta yarda. Ta yi dariya, amma ta ce wa Inna, "Mama, ko da wasa ne, ni dai ba zan so a riƙa kiran mage da sunana ba." Wata guda cur ba ta sake shigowa gidanmu ba.

Abin da Kaka ta tuna mana

Kakarmu ce ta zaunar da mu a daren. Ta ce a wurin Bahaushe suna abu ne mai nauyi: sai an kwana bakwai, an tara jama'a, an yanka rago, liman ya yi addu'a, sannan a raɗa shi. Shi ya sa uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukanta. Shi ya sa kuma idan aka mayar wa jariri sunan kakansa sai a ɓoye shi da Abba ko Ummi ko Walid ko Nana, don kada a yi wa yaro tsawa da sunan babba. "To ku," in ji ta, "sunan da ake sakayawa ko a kan ɗan mutum, shi kuka ɗora wa mai cin ɓera? Kun ma tuna 'yar wa ke da asalin sunan nan?"

Nan jikinmu ya yi sanyi. Mu mawaƙiya kawai muka gani, mun manta cewa Fati daga Faɗimatu yake, sunan 'yar Manzon Allah (SAW). Haka Umar da Ali sunayen manyan sahabbai ne kafin su zama na mawaƙa. Yawancin taurarinmu na Arewa sunayen yankansu irin waɗannan ne, kuma a kowane layi na Jahun akwai mutum uku ko huɗu masu amsa su.

Kaka ta ƙara da cewa Hausawa sun daɗe suna sa wa dabbobi suna, sai dai ba na mutane ba. Doki da launinsa ake kiransa: Akawal, Kili, Hurde, Bidi, Gunya, Danda. Maƙwabtanmu Fulani kowace saniya a garke tana da sunan da take amsawa. Ita kuwa kyanwa "mus-mus" ake ce mata ta zo, in kuma za a bambanta ta sai a jingina ta ga mai ita, kamar yadda karin magana ya adana mana kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yaƙushi.

Malaminmu na Islamiyya ya tabbatar mana cewa sa wa dabba suna ba laifi ba ne a addini. Taguwar Annabi (SAW) sunanta Ƙaswa'u, alfadarinsa Duldul, jakinsa Ufairu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da laƙabin kyanwa duniya ta san shi, domin Abu Huraira na nufin mai 'yar kyanwa. Ya ce abin gudu shi ne wulaƙanta suna mai daraja da kuma cutar da maƙwabci, kuma mun haɗa biyun a rana ɗaya.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Mun gane cewa daga TikTok da Instagram muka kwaso wannan ɗabi'a. A Amurka da Ingila mutum ya kira kyanwarsa da sunan tauraron da yake so alamar ƙauna ce. Su kansu mawaƙan suna yi. Taylor Swift tana da kyanwoyi uku, Meredith Grey da Olivia Benson da Benjamin Button, duka sunayen mutanen cikin fim ne, kuma da mujallar Time ta zaɓe ta gwarzuwar shekarar 2023, da Benjamin Button a kafaɗarta ta fito a ɗaya daga cikin hotunan bangon. Freddie Mercury na ƙungiyar Queen ya yi wa kyanwarsa Delilah waƙa sukutum a kundin da ya fito a 1991. A can kyanwa tana kwana a gado ɗaya da mai ita. A nan kuwa ka ce wa mutum mage ko muzuru, ka kira shi ɓarawo ke nan ko mai kwanciyar ɗaukar rai. Abin da yake yabo a Landan yana iya zama zagi a Jahun.

Ko kyanwa ta san sunanta?

Da muka yanke shawarar canza suna, autanmu ya ce ai wahalar banza ce, kyanwa ba ta san ana yi ba. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A 2019 wata masaniya 'yar Japan, Atsuko Saito ta Jami'ar Sophia da ke Tokyo, ta wallafa sakamakon gwajin da ita da abokan aikinta suka yi a mujallar Scientific Reports. Sun riƙa kunna wa kyanwoyi muryar da ke faɗar kalmomi huɗu masu tsawo irin na sunansu, har kyanwar ta gaji ta daina kulawa, sannan a faɗi sunanta. Da yawansu sai su motsa kunne ko su juyo da kai, ko da muryar baƙo ce. Kyanwa ba ta san suna a matsayin nata na kanta ba, amma tana gane sautin da abinci ko shafa ke biyo bayansa.

Wannan ya koya mana dabarar canjin. Muka daina faɗar tsohon sunan gaba ɗaya, muka riƙa kiran sabon duk lokacin da za a ba ta abinci. Cikin kwana goma ta kama.

Sunan da muka tsaya a kai

Mun zauna mun tace sunaye da sharuɗɗa huɗu. Na farko, ban da sunan yanka na kowa. Na biyu, ban da sarauta, don haka Sarkin Waƙa ya fita, tunda fada ce ke bayar da ita. Na uku, ya zama gajere, gaɓa biyu ko uku, mai daɗin kira. Na huɗu shi ne gwajin da Yaya ya ƙirƙiro: ka tsaya a tsakar gida ka faɗi sunan da ƙarfi ka haɗa da "ɓarauniya", in akwai wanda zai ji haushi a unguwa, to a jefar da shi.

Laƙabin mawaƙa ya fi sauƙi, domin yawanci ba sunan yanka ba ne. Jita kayan kiɗa ce. Gwanja ƙasa ce a arewacin Ghana inda fataken Hausawa suke zuwa sayen goro. Ala haruffan farko ne na Aminu Ladan Abubakar. Duk da haka Kaka ta hana a taɓa Shata da Barmani Choge da Ɗanmaraya Jos. Ta ce sun riga mu gidan gaskiya, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, addu'a ce haƙƙinsu a kanmu. Muka kuma tambayi kanmu: in Ado Gwanja ko Ali Jita ya biyo ta layinmu ya ji ana korar mage da laƙabinsa, zai ɗauka ƙauna ce? Babu wanda ya iya cewa e da ƙarfin zuciya.

A ƙarshe muka bar mawaƙi muka koma kan waƙa. A safiyar da kyanwar ta fara ajiye mana gawar ɓera a ƙofar ɗakin ajiya, Yaya ya ce, "Wannan ai jaruma ce." Kowa ya tuna "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona. Suna ya zauna: Jaruma. Masoyin Breaker ya samu abin da yake so, kuma babu mai wannan suna a unguwarmu.

Bayan suna, sai riƙo

Waƙa takan yi tashe na 'yan watanni ta wuce, kyanwar da ta samu kulawa kuwa tana iya kai shekara 12 zuwa 15. Mun ga abokai da suka karɓi 'yar kyanwa don hoto, da ta girma ta fara ɓarna suka kai ta bayan gari suka yar. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha ya isa gargaɗi.

Ga abin da muka koya a aikace. Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin mako takwas. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, domin guba ce gare ta. Madara da yawa tana sa ta zawo, ruwa mai tsabta da ɗan kifi ko nama sun fi. Daga wata uku a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana ɗauka. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti. Mai juna biyu kada ta kwashe kashinta. Sannan samun kyanwa ba ya ɗauke wa gida rufe abinci da share shara, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma a lokacin rani ya fi yaɗuwa.

Bana buhu ko ɗaya bai huje ba a gidanmu. Jaruma ta haifi 'ya'ya uku da damina, kuma wadda ta fara zuwa neman ɗaya ita ce amaryar maƙwabcinmu, da jaririnta a baya. Inna ta tambaye ta sunan da za ta sa mata. Ta dubi ƙanwarmu ta ce tana tunanin mayar mata da sunanta. Sai da ta ga idon yarinyar ya cika da ƙwalla sannan ta fashe da dariya ta ce Kalangu za ta kira ta.