Jaka a Kan Keke: Abin da Saƙon Nan Ya Faɗa Daidai da Inda Zai Karya Mutum

Wani dogon saƙo yana ta yawo a WhatsApp tsakanin malaman makaranta, ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Kafanchan, har ya kai Kagoro da Zonkwa. Wai shawara ce ga masu hawa keke kan irin jakar da ta dace da su. Ba abin mamaki ba ne ya samu karɓuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin acaba ya tashi, mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu suka koma taka feda. Wanda zai tafi aiki ko karatu kuwa ba ya rabuwa da littattafai, kwanon abinci, waya, wani har da kwamfuta. Tambayar inda za a sa kaya tambaya ce ta gaske, sai dai wanda ya rubuta saƙon ya cakuɗa gaskiya ɗaya da ƙarya uku, ya rufe da lambar da za a kira a sayi jaka a wurinsa.

Bari mu sallami ƙananan tukuna. Cewa zafin jakar goyo yana lalata ƙoda ba shi da tushe. Gumi kawai take sa mutum, maganinsa shan ruwa. Cewa waya a cikin jaka tana jawo tsawa ma ƙarya ce. Abin da ke jefa mai keke cikin haɗari shi ne kasancewa a fili ko kan tudu lokacin hadari, da waya ko babu, don haka a sauka a fake cikin gini.

Sai batun jirgin ƙasa. Saƙon ya ce akwai wata jaka da hukumar jiragen ƙasa ta amince da ita, kuma wanda bai riƙe irinta ba ba zai shiga jirgi ba. Bai kawo sanarwa ba, bai kawo rana ba, bai ma faɗi wane jirgi yake nufi ba. Kafanchan gari ne da layin dogo ya raya: a nan layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, tun shekarar 1927. Amma wannan tsohon layi ne mai faɗin milimita 1,067, kuma ya daɗe ba abin da ma'aikaci zai dogara da shi kullum ba ne. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 yana kan sabon layi mai faɗin milimita 1,435, daga Idu zuwa Rigasa, yana ratsa Jere a ƙaramar hukumar Kagarko, bai biyo ta Kafanchan ba. Mai shirin shiga shi ya tambayi ƙa'idar kaya a tasha, kada ya tambayi mai tallar jaka.

Inda saƙon ya faɗi gaskiya shi ne jakar goyo mai nauyi tana gajiyar da kafaɗa da baya, tana kuma jiƙa riga sharkaf kafin a isa ofis. Shawarar da aka saba ba iyaye ita ce kada jakar yaro ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Da a nan ya tsaya da mun gode masa.

Amma daga wannan gaskiya ya tsallaka zuwa shawarar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ce a rataya jakar a kan keke, wato a maƙala igiyarta a hannun da ake riƙewa, don baya ya huta kuma ido ya riƙa ganinta saboda masu fizge. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Ka tsaya ka kalli mai keke da jaka rataye a hannun dama. Duk takun feda jakar tana lilo, ta yi waje ta dawo ciki, gindinta yana goga ƙarfen da ya riƙe tayar gaba. Tsakaninta da wayoyin tayar bai fi faɗin tafin hannu ba. Rami ɗaya ko kwana ɗaya ya isa ya tura igiya ko kusurwar jakar cikin wayoyin. Da zarar ta shiga, tayar za ta ja ta har ta tokare da ƙarfen, ta tsaya cak. Keke ya tsaya, mai shi bai tsaya ba: zai tashi ta saman kan keken ya sauka da fuska ko kafaɗa ko tafin hannu. A gudun kilomita 20 a sa'a, wanda ba ya da wuyar kaiwa a kan gangara, ƙarfin da jiki ke tafe da shi daidai yake da na faɗowa daga tsayin mita ɗaya da rabi. Irin faɗuwar da ke karya ƙashin wuya da wuyan hannu ke nan, ga kuma ba kowa ke sa hular kwano ba. Idan a kan kwalta ne, akwai mota ko acaba a baya.

Ko jakar ba ta shiga taya ba, nauyi a gefe ɗaya yana jan kan keken zuwa wannan gefen, sai hannu ya yi ta kokawa da shi maimakon ya zauna a shirye kan birki. Gwiwa ma tana bugun jakar idan an zo kwana. Waɗannan ba sai an jira wani bincike ba, duk mai gyaran keke ya sha miƙe tayar da jaka ko ledar cefane ta lanƙwasa.

Ba na ganin laifin waɗanda suka yarda. Tsoron fizge tsoro ne na gaske, kuma wanda ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi waya dole ya so ta a gabansa. Da yawa kuma sun shekara suna rataya leda ba abin da ya same su, shi ya sa gargaɗin ke kama da surutu. Wanda nake jin haushinsa shi ne mai rubuta saƙon, da ya san jakarsa ba ta da abin maƙalawa a kariyar ɗaukar kaya ta bayan keke, sai ya mai da nakasar kayansa shawara.

Me ya kamata a yi? Waya da kuɗi su zauna a jiki, cikin aljihu mai zif ko ƙaramar jaka da aka ɗaure tsam a ƙirji. Kaya masu nauyi su koma kariyar baya. Yawancin kariyoyin kanti an buga musu iyakar nauyi a jiki, sau da yawa kilo 25, a duba. A ɗaure da roba gicciye, a cusa bakin robar da duk wata igiya mai reto, don tayar baya ma tana cin igiya. Idan jakar gefe ce mai ƙugiya, a raba kaya gida biyu, kuma a gwada a ga diddige ba ya taɓa ta. Wanda lallai sai ya ga kayansa a gaba, ya sa mai walda ko mai gyaran keke ya kafa masa kwando a tsakiya da noti, ya sa kaya marasa nauyi. Kwandon da aka kafa ba ya lilo, bambancin ke nan. Kwamfuta kuwa ta fi zama lafiya a jakar goyo mai soso, saboda girgizar hanya mai gargada a kan kariya take ƙarewa.

Damina a kudancin Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ba kowace jaka da mai kanti ya ce ba ta shan ruwa ba ce ke riƙe alkawari. Ta ɗinki da zif ruwa ke shiga. Gwajin mai sauƙi ne: a cusa tsohuwar jarida a ciki, a rufe, a kwarara mata ruwan buta ta kowane gefe, a buɗe a duba. Idan ta jiƙe, a riƙa sa takardu cikin leda mai kauri kafin a sa a jaka, ko tela ya ɗinka mata murfin tamfol. Wanda kuma tafiyarsa ta haɗa keke da mota ko jirgi, ya nemi jakar da ake cirewa da hannu ɗaya kuma tana da igiyar kafaɗa, domin keken zai kulle ya bari, jakar ce za ta bi shi cikin cunkoso.

Idan kana cikin waɗanda suka tura saƙon, ka koma wuraren da ka tura ka faɗa musu kada a rataya komai a kan keke. Gobe da safe kuma, kafin yaranka su fita makaranta, ka duba inda jakarsu take.