Maraɗi: Da'irori uku, zaɓe huɗu cikin shekara 20

Matashin Maraɗi da bai cika shekara 18 ba a Disamban 2020, har yau bai taɓa zaɓen kansilan unguwarsu ba.

Ranar 24 ga Yulin 2004 mazauna birnin suka zaɓi kansiloli, lokacin da kowace daga cikin da'irorinsa uku ke da majalisa da magajin garinta. Zaɓen Disamban 2009, wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa saboda tazarcen Shugaba Tandja Mamadou, ya bi ruwa bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010.

A shekarar ce gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗe da'irorin, suka koma rassan birni guda. An sake zaɓe ranar 11 ga Janairun 2011 da wa'adin shekara biyar, amma aka yi ta ɗage na gaba har 13 ga Disamban 2020.

A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun, suka naɗa kantomomi. Yanzu mai kukan shara, magudanar ruwa ko harajin kasuwa yana kai shi ne gaban wanda ba ƙuri'arsa ta ɗora ba.