Dardumar Barbar: Matan Atlas ke saƙa, dillalai ke cin riba

A ƙauyukan ƙabilun Barbar da ke duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, saƙar darduma aikin mata ne. Mace za ta wanke gashin tumaki, ta kaɗa zare da mazari, sannan ta zauna gaban masaƙa wata da watanni tana ƙulli ɗaya bayan ɗaya, babu zane a takarda. Abin da ta gani wajen mahaifiyarta shi ne jagoranta.

Kowane yanki da irin tasa. Ta ƙabilar Beni Warain fara ce mai kauri da baƙaƙen layuka. Asalinta shimfiɗar maganin sanyin hunturu ce, kafin ta zama abin ƙawata falo a Turai. Ta Azilal kuwa launuka ne birjik. Marasa halin sayen ulu ma kan yayyaga tsummokara su saƙa tasu.

Sai dai kasuwa ba ta yi musu adalci ba. Dillali kan saya da arha a ƙauye, ya ninka kuɗin sau da dama ga 'yan yawon buɗe ido a Marrakesh. Wasu matan sun kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa suna sayarwa ta intanet, amma 'ya'yansu da yawa sun fara ƙaurace wa masaƙar.