Yanka giya mai murɗaɗɗun haƙora da injin CNC

Giya mai murɗaɗɗun haƙora giya ce da haƙoranta ba su miƙe daidai da sandar da take juyawa a kanta ba, sun karkace ne kamar tufkar igiya. Ana samun ta a akwatin giyar motoci da injinan masana'antu. Ɗaya daga cikin hanyoyin yanka ta shi ne amfani da injin sassaƙa ƙarfe wanda kwamfuta ke sarrafawa, wato injin CNC.

Siffa da amfani

A giya mai miƙaƙƙun haƙora, haƙori yana haɗuwa da ɗan'uwansa gaba ɗaya a lokaci guda, shi ya sa take ƙara idan gudu ya yi yawa. Murɗaɗɗun haƙora kuwa suna shiga juna sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, don haka ƙararta ba ta da yawa, kuma tana ɗaukar nauyi sosai. Yawanci karkatar haƙoran tana tsakanin digiri 15 zuwa 30. Illarta ita ce tana tura sandarta gefe guda, sai an sa boris mai tare wannan turin. Giya mai murɗi biyu, hagu da dama, ba ta da wannan matsala. Siffarta ce ma ke jikin tambarin motocin Citroën na Faransa.

Tarihi

A tsofaffin injina, ma'aikaci ne ke karkata teburin injin, ya kuma jera wasu ƙananan giyoyi da za su haɗa tafiyar tebur da juyawar ƙarfen. A shekarar 1952 aka nuna injin sassaƙa mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin waɗancan giyoyi.

Yadda ake yankawa

Ana ɗaure dunƙulen ƙarfen a kan na'ura mai juyawa da ake kira layin A, tebur kuma yana tafiya a layin X. Ginshiƙin aikin shi ne motsin biyu su tafi tare, kada ɗaya ya wuce ɗaya.

Da farko ana lissafa nisan da haƙori zai yi kafin ya zagaye giyar sau ɗaya: a raba tsawon zagayen giyar da tanjant na kusurwar karkata. Misali, giya mai faɗin milimita 100 da karkatar digiri 20, nisan ya kai kusan milimita 863. Idan kaurinta milimita 24 ne, dole ƙarfen ya juya kusan digiri 10 yayin da wuƙar injin ke ratsa shi. Idan an gama rami ɗaya, sai a janye wuƙar, a juya ƙarfen zuwa na gaba. A giya mai haƙora 40, tazarar digiri 9 ce.

Idan wuƙa mai siffar faifai ce, sai an karkata ta daidai da murɗin, kuma ba da ainihin adadin haƙora ake zaɓen ta ba. A misalin nan, wuƙar giya mai haƙora 48 ake ɗauka.

Matsaloli

Ɗan lako-lako a na'urar juyawa ya isa ya ɓata tazarar haƙora. Irin wannan giya takan yi ƙara, ta yi zafi, ta cinye da wuri, wani lokaci haƙori ya karye. Haka kuma giya biyu da ke kan sanduna masu jere da juna sai karkatarsu ta zo ɗaya, amma ɗaya ta murɗe dama, ɗaya hagu, in ba haka ba ba za su shiga juna ba.

Hanyar tana cin lokaci domin rami ɗaya-ɗaya ake yankawa. Ta fi dacewa da ƙera giya kaɗan, ko maye gurbin wadda ta lalace a injin da aka daina kawo kayansa. Masana'antun da ke ƙera dubbai suna amfani da injina na musamman masu yanka haƙoran a jere ba tsayawa.